Za mu yi tafiyar iyali a jirgin ruwan yawon buɗe ido: wace hanya za mu bi, me za mu gani a kowace tasha?

Tambaya: Ni tsohon hedimasta ne, ina zaune a wani ƙauye kusa da Gumel, ina noman riɗi da gero. Babban ɗana da ke aiki a Abuja ya matsa sai ya kai mu yawo a babban jirgin ruwa, irin wanda ake kwana a ciki yana tsayawa gari-gari. Mu takwas ne: ni da maiɗakina mai fama da ciwon gwiwa, shi da matarsa da 'ya'yansu uku (mace mai shekara 11, namiji mai 7, da ƙaramar mai 2), sai autata da ke jami'a. Ya turo hanyoyi biyu, kowacce kwana bakwai. Ta farko ta tashi daga Basalona ta bi Marsel, Jenowa, Rum, Palermo da Malta. Ta biyu ta tashi daga Atens ta bi Santorini, Kusadasi da Istanbul. Yana so a tafi a watan Agusta saboda hutun yara. Ni dai zuciyata tana Istanbul. Wacce za mu ɗauka, yaya za mu tsara ranakun sauka, kuma ina batun salla da abinci?

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya yi wa wannan yaro albarka, ya ba shi masu yi masa. Sana'ata shirya wa mutane tafiya ce a Kano, yawanci Umara da neman magani da karatu, amma irin wannan ta teku ma tana biyowa ta hannunmu. Bari in faɗi zaɓina tun yanzu kafin dalilai. Ku ɗauki hanya ta farko, ku tafi a Afrilu, Istanbul kuma a ware mata tafiyarta daban. Na san ba abin da ka so ji ba ke nan, Baba, amma ka bi ni a hankali.

Mai koren fasfo biza ce ke zaɓa masa hanya kafin ya kai ga kallon hotunan da kamfani ya saka a intanet. Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta ishe ku dukkan tashoshin hanya ta farko. A hanya ta biyu, Girka tana cikin Shengen, Turkiyya ba ta ciki. Ke nan ƙa'idar shiga iri biyu ga mutum takwas, kuma bizar Shengen ɗin tilas ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya, tunda jirgin zai fita daga Girka ya shiga Turkiyya sannan ya dawo. Idan mutum ɗaya a cikinku aka buga masa mai shiga sau ɗaya, tafiyar ta cakuɗe. Kada ma wani ya ce ai sai ya yi zamansa a cikin jirgi ranar da aka isa ƙasar da ba shi da izininta. Kamfanonin suna duba takardun dukkan ƙasashen hanyar tun ranar hawa, wanda nasa bai cika ba a bakin tasha ake barinsa, kuɗinsa kuma ba ya dawowa. Saboda haka ko a hanya ta farkon ɗanka ya sake karanta jerin tashoshin da kyau, domin wasu jiragen Tunis suke tsayawa a maimakon Malta, ita kuma Tunisiya izininta daban ne.

Kuɗin bizar Shengen tun daga Yunin 2024 yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙasa da 6 kuma kyauta. A kanku ya kama yuro 540, ban da kuɗin cibiyar da ke karɓar takardu, ban da inshorar lafiya da dole ta kai ta yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida a tafi, kuma da ni ne da ranar da ƙofar ta buɗe zan nema. Manya biyar sai sun je da kansu Abuja ko Legas an ɗauki zanen yatsunsu. Ƙa'idar ita ce a nemi biza a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, idan sun yi kunnen doki sai ƙasar da za a fara shiga. A hanyarku Italiya tana da tashoshi uku, Sifaniya kuma ita ce mashiga, don haka a tambayi ofisoshin a rubuce kafin a biya. Sai magana mai ɗaci: a 2024 fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya da suka nemi wannan biza hana su aka yi, kuma kuɗin nema ba ya dawowa. Kada a biya kuɗin jirgi gaba ɗaya tun farko. A biya kafin alƙalami irin wanda ake iya karɓowa, a tambayi ranar ƙarshe ta cikon kuɗi, wadda galibi wata biyu zuwa uku ce kafin tashi, a tabbatar amsar biza ta fito kafin ranar. Kai takardun fansho da na gona da bayanan banki za su tsaya maka, tare da wasiƙar ɗanka cewa shi zai ɗauki nauyi. Wadda za a fi sa wa ido ita ce auta, budurwa mara aiki, don haka ta karɓo wasiƙa daga jami'arta mai nuna tana tsakiyar karatu.

Agusta kuwa ta haɗa illoli uku. Lokacin ne Turawa ke hutunsu, farashi ya kai ƙololuwa, layi a ko'ina. Zafi ma ba wasa ba ne, har an sha rufe Akropolis, wurin tarihin da ke kan tudu a Atens, da tsakar rana a lokacin bazararsu saboda mutane na faɗuwa. Mu mun saba da rana, amma ba mu saba yawo a ƙafa cikinta awa biyar a kan dutse da goyo ba. Na uku kai ka fi ni sani, Agusta tsakiyar damina ce, ba lokacin da mai riɗi da gero zai bar gona a hannun 'yan ƙwadago ba ne. Oktoba tana da daɗi a can amma ta faɗa cikin kaka. Afrilu ce ta rage: makarantu suna hutu, ba a yi shuka ba, azumi ya wuce tunda a shekarun nan wajen Fabrairu da Maris yake faɗowa, farashi kuma da sauƙi. Sai dai a riƙe rigunan sanyi. Za ku baro Gumel ana zafin da ya haura digiri 40 ku tarar da ƙasa da 20, ga iskar teku da dare. Ga jikin Hajiya wannan hunturu ne sosai.

Yanzu ga inda yawancin masu wannan tafiya ke ruɗuwa. Takardar jirgi za ta ce Rum, ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma, mutum ya lissafa awa goma sha biyu. Birnin Rum ba a bakin teku yake ba. Jirgi yana tsayawa ne a wani gari mai suna Civitavecchia, kimanin kilomita 80 daga birnin. Iyali mai mutum takwas da 'yar shekara biyu, kafin a yi wanka, a karya, a sauka, takwas da rabi ta yi. Motar tasha ta kai ku ƙofa, daga can ku nemi tashar jirgin ƙasa, shi kuma ya ci awa ɗaya da wani abu. Sha ɗaya saura kuke shiga Rum. A ɗaya gefen, ana rufe ƙofar jirgi rabin awa kafin tashi, mai hankali kuma yana so ya dawo da ratar awa ɗaya da rabi a kan wannan, ke nan ƙarfe uku kun kamo hanyar dawowa. Awa huɗu ce ta rage a hannu, a cikinta za a ci abinci, a yi azahar, a nemi banɗaki wa yara. Wannan lissafin za ku yi wa kowace tasha tun kuna gida: nisan tasha da gari, lokacin sauka na gaskiya, lokacin juyowa. Abin da ya rage shi ne ranarku, kuma a cikinsa abu ɗaya tak za a sa a gaba. Idan an gan shi da sauran lokaci da sauran ƙarfi, sai a ƙara na biyu.

Batun lokacin dawowa ba na wasa ba ne. Jirgin nan ba motar kasuwar Maigatari ba ce da za a ce wa direba ya ɗan dakata Hajiya tana tafe. Yana da mutum dubbai da lokacin da hukumar tasha ta yanka masa, wanda ya makara zai bi shi zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Sharaɗi ɗaya ne ke sa ya jira: idan rangadin da kuka tafi na kamfanin jirgin ne da kansa, motarsu ce ta makara. Shi ya sa rangadinsu ya fi tsada, kuma shi ya sa nake cewa a saye shi a tasha mai nisa kamar Rum, a bar shi a tashoshin da gari yake bakin ruwa. Kowace safiya a ɗauki hoton takardar shirin rana da ake ajiyewa a ɗaki, tana ɗauke da lokacin rufe ƙofa da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha. A Afrilu dukkan ƙasashen hanyarku suna gaban Najeriya da awa ɗaya, ka gyara agogon hannunka tun a filin jirgin sama.

Hanyar taku tana da tashoshi biyar a jere, sannan yini ɗaya a tsakiyar teku. Ba gwiwar da za ta ɗauki yawo kwana biyar ba hutu, balle mai ciwo. A raba su, wata rana mai nauyi, wata mara nauyi, kuma ba dole ba ne kowa ya sauka kullum. Ranar da jama'a suka watse cikin gari ita ce ranar da jirgi ya fi daɗin zama.

Marsel ku ɗauke ta da sauƙi. Tashar manyan jirage tana da 'yan kilomitoci daga tsakiyar gari, akwai motar da ake biya ta kai mutane. Ku zagaya tsohuwar tashar kwale-kwale, ku gangara kasuwar Noailles inda mutanen Aljeriya da Maroko da Tunisiya suka cika, a nan za ku ci nama hankali kwance. Jenowa ta jikoki ce. A tsohuwar tasharta akwai gidan kifaye da aka buɗe a 1992, ɗaya daga cikin mafiya girma a Turai, ba nisa da inda jirgi ke tsayawa. A sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Yaron da bai san ruwan da ya wuce kogin Haɗeja ba, ya tsaya gilashi kaɗai tsakaninsa da kifin da ya fi shi tsawo, wannan ya ishe shi labari har ya girma. Hajiya ta huta a jirgi ranar idan ta so.

Rum a raba tawaga. Kai da ɗanka da auta da babbar jika ku bi motar kamfani ku ga Kolosiyam, filin wasan da aka kammala a shekara ta 80 miladiyya, wanda tikitinsa na da ƙayyadadden lokacin shiga. Hajiya da surukarka da ƙananan biyu su zauna, ko su ɗan taka bakin ruwan Civitavecchia su sha iska su dawo. Titunan tsohon Rum duwatsu ne da aka jera, suna wahalar da keken yara da mai ciwon gwiwa. Akwai babban masallaci a Rum da aka buɗe a 1995, sai dai yana arewacin birnin, nesa da inda motocin rangadi ke bi, kada a sa shi a lissafin awa huɗu.

Palermo ce nake so ka tanadi ƙarfinka dominta, kuma ita ce za ta ɗan rage maka zafin rashin Istanbul. Jirgi yana tsayawa a bakin gari, ba doguwar tafiya. Musulmi daga ƙasar da yau ake kira Tunisiya sun ci birnin a shekarar 831, ya zauna a hannunsu har 1072 lokacin da Normawa, Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe shi. Sarakunan Normawan ba su kori masana da magina Musulmi ba, suka ci gaba da aiki da su, shi ya sa za ka ga gine-ginen sarauta da ƙubbobi da rubutun Larabci a tsakiyar ƙasar Kirista. A fadar Sarki Roger na Biyu ne masanin ƙasa al-Idrisi ya kammala shahararriyar taswirarsa ta duniya a 1154, kuma a bayaninsa ya ambaci tsohuwar daular Gana da Gawo da Kanem. Tsohon malamin makaranta ya tsaya a garin da aka zana yankinmu shekara kusan ɗari tara da suka wuce, ina ganin ya ci kuɗin motarsa. A barandar babbar majami'ar garin, wadda a zamanin Musulmi masallaci ne a wurin, akwai ginshiƙi ɗauke da aya daga Suratul A'araf. Daga waje ake ganinsa, ba sai an shiga ba. Daga nan ku ratsa kasuwar Ballarò, mai rumfuna da 'yan talla masu ɗaga murya, mata za su ji kamar sun san wurin. Ku ɗauki tasi biyu zuwa fadar da ke can saman gari, ku gangaro a ƙafa a hankali, kada ku yi akasin haka.

Malta ku tashi da asuba ku hau saman jirgi, shigarsa tashar Valletta tsakanin ganuwoyi na cikin abin da ya fi kyau a tafiyar, kuma kyauta ne. Birnin yana kan tudu, amma akwai lif mai tsawon mita 58 da ke ɗaukar mutane daga bakin ruwa zuwa lambun Barrakka na sama da kuɗi kaɗan. Ana harba igwa a ƙasan lambun da ƙarfe 12 na rana, a riƙe ƙaramar kada ta firgita. Ku bi babban titin tsakiya da ke miƙe, ku bar lungunan gefe masu matakala. Ka kasa kunne ga yaren mutanen, tushensa Larabci ne, za ka tsinci ƙirga da kalmomi da dama.

Basalona kuwa ranar ganinta ita ce ranar da kuka iso. Ku sauka aƙalla kwana ɗaya kafin jirgin ruwa ya tashi, ku kwana a otal. Daga Kano sai an canza jirgi, ta Alƙahira ko wani wuri, daga Abuja ma yawanci haka, kuma jinkirin awa shida a hanya ya isa ya cinye tafiyar gaba ɗaya idan a ranar aka iso. Garin ya yi suna da 'yan sane, musamman titin La Rambla da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Aljihun gefe na kaftani buɗaɗɗe ne, kada fasfo ko waya su kwana a ciki. A sami ƙaramar jaka mai rataya a ƙarƙashin riga.

Da kun bi hanya ta biyu, ga abin da zai tarye ku. A Santorini babban jirgi ba ya matsowa gaɓa, ƙananan jirage ke kwasar mutane, sannan garin yana can saman dutse: ko layin motar igiya mai tsawo, ko matakala kusan 600, ko jaki. Ba na jin mutumin Gumel zai canza naira zuwa yuro don ya hau jaki. Tun 2025 ma Girka ta sa harajin yuro 20 a kan kowane fasinjan jirgin ruwa da ya sauka can a tsakiyar bazararsu. Kufan tsohon birnin Afisa da ake zuwa daga Kusadasi dutsen marmara ne mai santsi, ba inuwa. Istanbul ɗin da kake so kuma yini ɗaya za a ba ka. Aya Sofiya da aka gina a 537 aka mayar da ita masallaci a 2020, Masallacin Sultan Ahmad, fadar Topkapi inda aka ajiye kayan tarihi da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbai, kabarin Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Eyup, waɗannan ba a yi musu gaggawa. Idan ranarku ta faɗo Talata Topkapi a rufe take, idan Lahadi ce babbar kasuwa a rufe. Gari ne na kwana huɗu ko biyar a otal, kai da Hajiya, ko a hanyar Umara. Akwai jirgin sama kai tsaye daga Abuja.

Ɗakuna uku za ku kama, domin yawancinsu ba sa wuce mutum huɗu, kuma jaririya ma mutum ce a lissafinsu tunda da kujerun jiragen ceto ake ƙirgawa. Kai da Hajiya ɗaya, ɗanka da matarsa da ƙananan biyu ɗaya, auta da babbar jika ɗaya. A tambayi ƙa'idar shekaru, wasu kamfanonin ba sa ba wanda bai kai 21 ba ɗaki sai yana maƙwabtaka da na iyaye. A nemi tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lif. Nan ne jirgi ya fi rashin tangaɗi ga mai saurin jiri, nan ne kuma tafiya ta fi gajarta, don jiragen nan da yawansu sun haura mita 300 a tsawo. Idan kuɗi ya isa ɗaki ɗaya mai baranda, a ba ku kai da Hajiya. Dalilina shi ne, gaskiya, saman jirgi wurin wanka ne da kiɗa da giya da shigar da idonka bai saba da ita ba, akwai kuma ɗakin caca a ciki. Mai baranda yana kallon teku daga ɗakinsa ba tare da ya ratsa wannan ba. Idan abin ya dame ku ƙwarai, ɗanka ya duba AROYA, kamfanin Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, abincinsa halal, ba giya, ba caca, da wurin salla. Hanyoyinsa suna canzawa daga lokaci zuwa lokaci, kuma tun ƙarshen 2023 rikicin Bahar Maliya ya sa kamfanoni da dama sauya hanya, don haka a duba halin da ake ciki da bizar kowace tasha kamar yadda na faɗa.

Salla ni ba malami ba ne, ka zauna da limaminku kafin tafiya, amma ga abin da ya kamata ka kai masa. Tafiyar ta wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba, kuma ba inda za ku yi niyyar zaman kwana huɗu. Sai dai a fiƙihun Malikiyya da aka karantar da mu, rangwamen haɗa salloli biyu na matafiyin tudu ne, ba na teku ba, don haka ka tambaye shi yadda za ku yi da azahar da la'asar ranar da kuke cikin gari da ranar da kuke kan ruwa. A jirgi ana fuskantar alƙibla, a tsaye ga mai iko, idan ya juya a juya da shi gwargwadon hali. Daga yammacin Bahar Rum alƙibla tana gabas maso kudu. Manhajar waya tana ruɗewa a cikin ɗaki saboda ƙarfe, amma talabijin ɗin ɗakin yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita ake kwatantawa. A sauke jadawalin salla na kowane gari tun a gida. Azahar wajen ɗaya da 'yan mintuna take a Rum a Afrilu, magariba kuma sai wajen takwas, a Basalona ma ta fi haka jinkiri, abincin dare kuma zagaye biyu ake ba da shi a jirgi, na farkon zai iya cin karo da ita. Buta kowa ya sa tasa a jaka, ba za ku samu a can ba. Masai na jirgi da iska yake zuƙa, a gargaɗi yara kada su jefa komai ciki ban da takardar da aka ajiye.

Abinci yana cikin kuɗin tikiti, kuma ba za ku ji yunwa ba: kifi, ƙwai, shinkafa, taliya, dankali, burodi, 'ya'yan itace. Naman halal sai an nema a rubuce tun lokacin yanka tikiti, makonni kafin tafiya, kuma a karɓi amsar a rubuce. Idan ba a samu ba ku tsaya a kan kifi, ku rama a Marsel. A wurin ɗiban abinci da kai ana yawan sa naman alade a miya da taliya da abin karin safe, Turawa kuma suna girki da giya, don haka auta ko surukarka su riƙa karanta katin da ke gaban kowane kwano, su tambayi ma'aikata. A babban ɗakin cin abinci teburi ɗaya da ma'aikaci ɗaya ake ba ku duk mako, ku yi masa bayani daren farko, zai riƙe. Kilishi da dambun nama da man shanu a bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga waje. Yaji a roba mai murfi shi zai ceci harshenku. Hita da dutsen guga da risho na lantarki duk ana ƙwacewa a ƙofa saboda gobara, mai son ruwan zafi na kunu ya roƙa a kawo masa.

Kuɗin da ɗanka ya gani a intanet ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane mutum kowane dare, wajen yuro goma sha wani abu ga babba, yara ƙasa da haka. Lemo da ruwan roba da intanet da rangadi da motar tasha duk daban ne. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗaki shi ne makulli, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma abin biya, ana haɗa shi da katin banki na dala ko a ajiye kuɗi a kansa. A rufe damar sayayya a katunan yara tun ranar farko. Wayoyi kuma a sa su a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, domin layin tauraron ɗan'adam na teku yana cinye kuɗi cikin mintuna. Asibitin jirgi ma biya ake yi, da tsada, don haka inshorar da za a saya ta ambaci tafiyar teku a fili. Magungunan Hajiya da naka su kasance a jakar hannu cikin kwalayensu da takardar likita, har da rarar mako guda, saboda manyan akwatuna ba sa isowa ɗaki sai yamma ranar hawa. A wannan ranar ce kuma ake atisayen ceto kafin a tashi, wanda aka tsananta bayan hatsarin Costa Concordia a Janairun 2012 da ya ci rai 32. Kowa sai ya je ya ga wurin taruwarsa, har ƙaramar, a kuma nuna wa yara hanyar daga ɗakinsu.

Abin da za a fara da shi a wannan makon shi ne fasfo. Duk wanda nasa bai da sauran wata shida bayan ranar dawowa ya sabunta, a Dutse ko a Kano, kuma sunan da ke kan lambar NIN ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, shi za a rubuta a tikiti. Yara uku kowa da nasa fasfon da takardar haihuwa. A yi allurar shawara a karɓi katinta, tana fara aiki bayan kwana 10, kuma sau ɗaya ake yinta a rayuwa. Hajiya ta ga likitan ƙashi tun yanzu, a kuma gaya wa kamfanin jirgin sama da na ruwa a tanadar mata keken turawa a filin jirgi da ranar hawa, ba a biyan ko kwabo a kan wannan.